Yadda Ayari Ke Sauka Matsattsen Kwazazzabo da Igiya

Matsattsen kwazazzabo tsagi ne da ruwan sama ya daɗe yana yankawa cikin dutse, har zurfinsa ya ninka faɗinsa sau da yawa. A wasu wurare mutum yakan dafa bangayen biyu da hannuwansa, alhali hasken rana yana can sama da tazarar mita 30 ko fiye. Irinsa sun yi yawa a kudancin jihar Utah da arewacin Arizona a Amurka, inda dutsen yashi yake da laushin da ruwa ke iya sassaƙawa, akwai su kuma a tsaunukan Sifaniya da Faransa da Suwizalan da Ostareliya. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai buƙatar igiya, wato wanda a cikinsa ake cin karo da gangare a tsaye da ba ya saukuwa da ƙafa. Mai hawan dutse idan abu ya gagare shi yana iya juyowa ƙasa, shi kuwa mai sauka kwazazzabo, da zarar ya janye igiyarsa daga gangaren farko, to hanyar komawa ta rufe, mafita tana gaba kaɗai. Saboda haka tsarin tafiyar gaba ɗaya ya rataya ne a kan tambayoyi uku da ake maimaitawa a bakin kowane gangare: wa zai fara sauka, wa zai zo ƙarshe, kuma yaushe za a ja igiya. Rubutu ba ya koya wa hannu ƙulli, don haka wajibi ne kowane ɗan ayari ya riga ya koyi sauka da igiya a gaban ƙwararre, a wuri mai sauƙi, kafin ranar tafiya.

Zaɓen wuri da zaɓen mutane

A Amurka ana auna kwazazzabai da lamba da harafi. Lamba daga 1 zuwa 4 tana nuna wahalar aikin igiya, harafin A yana nufin busasshe ko mai ɗan ruwa, B mai ruwa tsayayye da za a iya yin iyo a ciki, C kuma mai ruwa da ke gudu da ƙarfi. Sai lambar Romawa daga I zuwa VI da ke nuna tsawon lokaci, a wasu kuma a ƙara R ko X domin gargaɗin cewa kuskure a wurin yana iya kai wa ga mummunan rauni ko mutuwa. Kwazazzabon da aka rubuta wa 3B III, alal misali, yana buƙatar igiya, za a jiƙe, kuma zai ci mafi yawan yini. Sai dai wannan ma'auni yana bayyana wurin ne a ranar da komai ya tafi daidai, ba ya faɗin yadda ambaliyar makon jiya ta kwashe yashi ta zurfafa rami, ko ta tafi da gungumen da aka saba ɗaura igiya a jikinsa. A nemi labarin waɗanda suka sauka kwanan nan, a kuma zaɓi wurin da mafi rauni a cikin ayari zai iya, ba wanda jagora ke sha'awa ba.

Yawan mutane shi ne abin da aka fi raina lissafinsa. A ce mutum 8 ne, kowanne yana cin minti 5 a kan igiya, gangare kuma 10 ne: minti 400 ke nan, kusan awa 7, ba a sa lokacin ɗaura turke, wato abin da ake rataye igiya a jikinsa, da naɗe igiya da tafiyar da ke tsakani ba. Mutum 4 zuwa 6 ne suka fi daidaita, domin idan ɗaya ya ji rauni akwai mai zama da shi, akwai kuma biyu da za su fita neman agaji, sannan akwai isassun kafaɗu da za a taka a fita daga rami. Hukumar gandun Zion a Utah tana neman takardar izini kafin a shiga, ta kuma ƙayyade mutum 6 ga yawancin kwazazzabanta, 12 ga 'yan kaɗan irin su Pine Creek da Keyhole. A cikin ayarin lallai a sami aƙalla mutum biyu da suka iya ɗaura turke da ceton wanda ya maƙale a igiya, domin ayarin da ƙwararrensa ɗaya ne, ranar da shi ne ya karye babu mai fitar da su.

Kafin a tashi a bar wa wani amintacce sunan kwazazzabon, da wurin da aka ajiye mota, da sa'ar da in ta wuce bai ji komai ba zai kira masu ceto. A watan Afrilun 2003 dutse ya danne hannun Aron Ralston a kwazazzabon Bluejohn a Utah, yana shi kaɗai, bai kuma gaya wa kowa inda ya nufa ba. Ya shafe fiye da kwana 5 a maƙale kafin ya yanke hannun da kansa ya fita. Wayar hannu ba ta samun sabis a ƙasan tsagi, na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ma tana buƙatar buɗaɗɗen sarari kafin saƙonta ya fita.

Ruwan da ba a gani ba

Ambaliyar bazata ce ke halaka mutane da yawa a lokaci guda a irin waɗannan wurare, kuma abin lura shi ne ba sai an yi ruwa a kan ayari ba. Dutse ba ya shan ruwa, don haka duk abin da ya zuba a faɗin yankin da ke gangarowa cikin kwazazzabon yakan taru ya biyo ta tsagi guda. A ranar 12 ga Agustan 1997 ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope da ke Arizona, alhali ruwan da ya jawo ta ya sauka ne kilomitoci da dama daga inda suke. A ranar 27 ga Yulin 1999 mutum 21 suka mutu a Saxetenbach kusa da Interlaken a Suwizalan, duk da cewa suna tare da jagorori. A ranar 14 ga Satumban 2015 mutum 7 'yan ayari ɗaya suka rasu a Keyhole, wanda gajere ne da ake ɗauka na masu koyo.

Abin yi shi ne a buɗe taswira a ga girman yankin da ruwansa ke zubowa ciki, a duba hasashen yanayi na yankin baki ɗaya da safiyar tafiya, sannan a sake ɗaga kai a dubi sama a bakin gangaren farko, kafin a ja igiya. A kudu maso yammacin Amurka, daga Yuli zuwa Satumba hadari yakan haɗu ne da rana tsaka zuwa la'asar, shi ya sa ake sammako domin a fita daga matsi da wuri. Idan mutum ɗaya ya ce hankalinsa bai kwanta da gajimaren da yake gani ba, a saurare shi, ko da an yi tafiyar awa biyu kafin a iso. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kaya

Kowa yana buƙatar hular kwano, da ɗamarar ƙugu, da ƙarfen sauka, wato wanda ake zura igiya cikinsa domin ya rage gudun mai sauka, irin wanda ake iya ƙara wa ƙarfin birki ana tsakiyar igiya, da ƙugiyoyi masu makulli, da gajeriyar igiyar tsaro, da usur, da tocilar goshi, da takalmi mai kama jiƙaƙƙen dutse. Igiyar da ake amfani da ita ita ce marar miƙewa, mai kaurin milimita 8 zuwa 9, domin mai miƙewa takan yi ta goga a bakin dutse har ta ci. Tsawon da za a ɗauka ya kai ninki biyu na gangare mafi tsawo, saboda rabi na sauka ne, rabi na janyowa, sannan a ƙara wata igiyar ajiya da ta kai tsawon gangaren, a ba wani dabam ya goya, kada duk igiyoyi su taru a jaka ɗaya. A ɗauki bel ɗin nailan mai faɗin milimita 25 da yawa, da zobban ƙarfe masu noti, da wuƙa. Inda akwai ruwa kuwa, matsattsiyar rigar roba mai riƙe ɗumi ba ado ba ce ko da ana tsananin zafi a waje, domin ruwan da rana ba ta taɓa gani ba sanyinsa yana ratsa ƙashi.

A bakin gangare

Turke shi ne abin da igiya ke rataye a jikinsa: wani lokaci ƙusoshi ne da aka kafa cikin dutse, wani lokaci itace, ko dutsen da ya maƙale tsakanin bangaye, ko kuma wanda aka ɗaure da bel aka binne cikin yashi. Kada a amince da turke don kawai an tarar da shi. A bi bel ɗin da hannu tun daga zobe har zuwa bayan dutsen da ido ba ya kaiwa, domin a can ne ambaliya ke cinye shi; idan ya koɗe, ko ya yi tauri, ko ya fara zarewa, a yanke shi a sa a jaka, a ɗaura sabo, a bar wa ƙullin jela da ta kai kamar santimita 8 a kowane gefe. Idan turken wuri biyu ne aka haɗa, a lura da kusurwar da ke tsakanin reshen biyu: in ba ta wuce digiri 60 ba, kowane reshe yana ɗaukar kaɗan fiye da rabin nauyi, amma in ta kai 120, kowanne yana ɗaukar nauyin gaba ɗaya, rabon ya zama na banza.

A nan ne amfanin ayari yake fitowa. Idan ana shakkar turke, sai mutum ɗaya ko biyu su zauna a bayansa, su tokare ƙafafu da dutse, su haɗa ɗamararsu da igiyar sauka da ɗan sassauci kaɗan, yadda turken ne zai ɗauki nauyi, su kuwa su tare idan ya kuɓuce. Masu nauyi ne za su fara sauka da manyan jakunkuna, mai kula da turke yana zuba masa ido ya ga ko ya motsa. Idan ya riƙe mafi nauyi bai gusa ba, to an gwada shi. Na ƙarshe ba shi da mai tare masa, don haka ya zama marar nauyi kuma gwani, ya bar jakarsa ta riga shi sauka, ya sulale daga bakin gangaren a zaune, ba tsalle ba fizga, na ƙasa kuma su shirya tarbarsa idan gangaren gajere ne. Na farko shi ma ba a zaɓarsa don ya fi kowa ɗoki; shi ne zai tarar da abin da ba a gani daga sama, ko igiya ba ta kai ƙasa ba, ko rami ne cike da ruwa, saboda haka ya kasance ya iya tsayawa a tsakiyar igiya, ya iya kuma hawowa a kanta. Masu ƙarancin gogewa su shiga tsakiya, da gwani a samansu da gwani a ƙasansu.

Ga kowa ban da na ƙarshe, ya fi kyau a ɗaure igiya a turke da ƙullin da ake iya kwancewa alhali akwai mutum a rataye, a bar ragowar igiya a jaka a sama. Amfaninsa shi ne, idan gashin wani ko bakin rigarsa ya shige cikin ƙarfen sauka, ko igiya ta gaza, mai kula da turke sai ya kwance ya zura shi ƙasa a hankali, maimakon a fara dabarar ceto mai cin lokaci. Wata hanyar da ta yaɗu ita ce a zura igiya ta cikin zobe, a ƙulla ƙugiya a gefe ɗaya domin ta tokare a jikin zoben; da haka zare ɗaya yake ɗaukar nauyi, ɗayan kuwa na janyowa ne kawai. Hanya ce mai kyau, amma ta ci rayuka, domin wanda ya sa ƙarfensa a zaren janyowa zai faɗi da igiyar gaba ɗaya. Maganinta shi ne kada a jefa zaren janyowa ƙasa sai an zo kan na ƙarshe, kuma kowa, komai ƙwarewarsa, ya fara maƙala igiyar tsaronsa a turke, ya sa ƙarfen sauka, ya sakar masa nauyinsa ya ga ya riƙe, sannan ya cire ta tsaron. Mai kula da turke ya duba da ido da hannu: ɗamara ta ɗauru, ƙugiya ta kulle, igiya ta bi ƙarfe daidai, hula ta zauna. Wannan dubawa ba ta cin sakan 20, amma ita ce abu na farko da ake watsarwa idan yamma ta yi, gajiya ta kama mutane, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Mai sauka ya buɗe ƙafafu, ya jingina baya, hannun birki kuma, wato mai riƙe igiya a ƙasan ƙarfen sauka, kada ya bar igiya ko da fuskarsa za ta bugi dutse. A dogon gangare, nauyin igiyar da ke ƙasa yakan sa mutum ya ji tafiya tana da wuya a sama, sai ya rage birki, can ƙasa kuma nauyin ya ragu, gudu ya ƙaru, ƙarfe ya yi zafi. Gangaren ƙarshe na Pine Creek, mai kusan mita 30 ba tare da ƙafa ta taɓa bango ba, misali ne na inda ake buƙatar ƙara birki tun da wuri. Wanda ya riga sauka ya riƙe bakin igiya a ƙasa, a sake, yana kallon sama. Idan mai sauka ya kuɓuce, sai ya ja da ƙarfi, igiya ta yi tsauri, mutum ya tsaya cak. Ya tsaya daga gefe, ba inda tsakuwa za ta faɗo masa ba.

Murya ba ta da amana a cikin tsagi, amsa-kuwwa tana cakuɗa magana, ƙarar ruwa tana haɗiye ta. Tsarin usur da aka fi amfani da shi shi ne busa 1 a tsaya, 2 a ja igiya sama, 3 a saki ƙarin igiya, 4 na sauka lafiya, doguwar busa kuma akwai matsala. Wasu ayarin suna da nasu dabam, don haka a daidaita a kai tun a wurin mota.

Kafin na ƙarshe ya sauko, na ƙasa su gwada jan igiya su tabbatar tana tafiya. Shi kuma ya raba zaren biyu kada su murɗe, ya ɗora su inda babu tsagin da zai cafke ƙulli. Masu ja su matsa baya gwargwadon iko, su ja a hankali ba tsayawa, domin igiyar da ake ja daga gindin bango takan yanka rami a dutsen yashi, ramin kuma ya kama igiyar waɗanda za su zo gobe. Idan igiya ta maƙale, kada kowa ya hau ta sai in an tabbata bakinta biyu suna hannu. In ba haka ba, a yanke abin da hannu ya kai, a ci gaba da ta ajiya. Kuma ba a jan igiya sai wani ya leƙa gaba ya tabbatar akwai turke na gaba ko hanyar wucewa.

Ramuka, sanyi da matsi

Ruwa mai juyawa da tsakuwa yakan haƙa rami zagayayye a ƙasan kwazazzabo, bangonsa sumul kamar cikin randa. Idan ramin ya cika, iyo kawai za a yi a fita. Idan ya bushe, ana taka kafaɗar juna. Mafi muni shi ne rabi da rabi, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, hannu kuma ba ya kai baki. Kwazazzaban Imlay da Heaps a Zion, da Neon a yankin Escalante, sun yi suna da irin waɗannan. Dabara ta farko ana yin ta ne tun daga sama: a ɗaure jaka mai nauyi ko buhun yashi da siririyar igiya, a jefa ta ƙetare ramin ta faɗa bayan bakinsa, ta zama abin da mai fita zai ja. Mutum ɗaya ne ke shiga da farko, ko biyu idan ana buƙatar ɗagawa, sauran su jira a busasshen wuri. Igiyar sauka tana nan a rataye har sai aƙalla mutum ɗaya ya fita ta ɗaya ɓangaren ya zauna daram yadda zai jawo na baya. Ayarin da ya zuba kansa gaba ɗaya cikin rami ya ja igiya, ba shi da sauran dabara sai jiran sanyi.

Inda ruwa ke zubowa da ƙarfi, ƙa'idojin busasshen wuri sukan juye. A can ana ƙulla bakin igiya domin kada mutum ya zame ya wuce. A nan kuwa ba a ƙullawa, ana daidaita tsawonta ne ta tsaya daidai saman ruwa, domin mai sauka ya zare daga ita ya yi iyo nan take ba tare da ya tsaya kwance ƙarfe a cikin juyin ruwa ba. Haka kuma ba a sa ƙullin tsaro mai kama igiya da kansa idan mai sauka ya kuɓuce, domin yana iya riƙe mutum a ƙarƙashin zubar ruwa. Wannan fanni ne mai zaman kansa, wanda ya ƙware a busassun kwazazzabai bai zama gwaninsa ba tukuna.

Sanyi yana shigowa a ɓoye. Alamarsa ta farko ba koyaushe rawar ɗari ba ce. Sau da yawa mai surutu ne zai yi shiru, ko a ga yatsunsa sun kasa buɗe ƙugiya, ko maganarsa ta fara sarƙewa. Irin wannan a ba shi abinci mai zaƙi, a ƙara masa sutura, a sa shi gaba a jeri domin ya ci gaba da motsi, a kuma duba ɗaurinsa sau biyu, domin hankalinsa ya riga ya ragu ko da ya ce lafiya lau yake.

A wurin matsi ana cire jaka daga baya a rataye ta a ɗamara ta riƙa lilo a ƙasa. Siriri ya wuce gaba ya faɗi abin da ya gani, mai jiki kuma ya bi ta sama, bayansa a bango ɗaya, ƙafafunsa ko gwiwoyinsa a ɗayan, domin tsagi yakan ƙara tsukewa ta ƙasa, wanda ya zame ciki kuwa nauyinsa ne zai ƙara cusa shi. Gajerun gangare na mita 2 ko 3 su ne suka fi karya idon sawu, saboda an raina su. Kada a yi tsalle, na ƙasa ya tokare ƙafar mai saukowa da tafin hannu a jikin bango, na sama ya riƙe shi da bel. Ba a kuma dira cikin ruwa sai wani ya sauka da igiya ya auna zurfinsa ya laluba ko akwai dutse ko gungume a ciki.

Duk tsawon tafiyar jagora ya riƙa lura da wuraren da za a iya hawa sama, yana nuna wa mutane. Idan ruwa ya fara canza launi zuwa ja ko ya yi kauri, ko aka ga ganye da ƙirare suna tahowa, ko aka ji rugugi daga baya, to a watsar da jaka a hau sama nan take, ko da mita 3 ne ko 4. Ba a tsere wa ambaliya ta hanyar gudu gaba. A zauna a can har ruwa ya janye, ko da zai kai ga kwana, shi ya sa ake sa bargon gaggawa da ɗan abinci a aljihun jiki maimakon cikin jaka. Bayan gangaren ƙarshe kuma sau da yawa akwai tafiyar awa ɗaya ko biyu ta hawa cikin rana, don haka a rage ruwan sha dominta, a ƙirga mutane kafin a tashi, kada masu sauri su ɓace wa na baya. Da an sami sabis a sanar da wanda aka bar wa saƙo, a gida kuma a wanke igiyoyi, a bi su da yatsu taku-taku, duk inda aka ji ya yi laushi ko cikinsa ya bayyana a yanke shi kafin a mayar da igiyar jaka.